Ɗigon Mai a Ƙarƙashin Motar Alhaji

Ranar Litinin Maigandi direba ya ga ɗigon farko. Ya ja motar baya zai wanke ta, sai ga abu baƙi a kan simintin gidan Alhaji Attahiru, faɗinsa bai wuce ƙwandala ba. Ya duƙa ya dangwala da yatsa, ya shinshina. Baƙin mai ne. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ɗebo yashi a gindin dogonyaro ya barbaɗa a kai, ya murje da takalmi. Ranar Talata ɗigon ya zama uku. Ranar Laraba kuwa abin ya wuce a kira shi ɗigo.

Shekara ashirin da shida Maigandi yana jan Alhaji, tun zamanin da Fijo ce motar manya, kuma ko akuya bai taɓa bugewa ba. Bara ne babban ɗan Alhaji, Abdulshakur, ya kawo wannan baƙar mota ƙirar Jamus daga Abuja, mai injin da idan ka taka totur sai ka ji bayanka ya manne da kujera. Ranar da aka sauke ta, a gaban kowa, ya ce wa mahaifinsa irin wannan mota sai direba mai karatu, har ma yana da wani Siddiƙu a hannu. Abdulshakur ɗin nan fa shi ne wanda Maigandi ya riƙa kaiwa firamare yana share masa majina. Alhaji ya ce shi dai Maigandi ne direbansa, aka bar maganar a nan. An bar ta ne, ba a binne ta ba, kuma Maigandi ya san kuskure ɗaya rak ake jira a karɓe makullin.

Shi da motar dama ba su taɓa shiri ba. Ina aka taɓa ganin mota babu gejin da mutum zai zaro ya duba mai da idonsa? Wai sai ka latsa wani gilashi ta gaya maka da Turanci. Ga shi kuma ranar Asabar Alhaji zai je ɗaurin aure Gusau, hanyar da a shekarun nan saboda 'yan bindiga ko fitsari ya matsi mutum sai ya daure har ya shiga gari.

Da ya sauke Alhaji a shagonsa na kasuwa ranar Larabar, sai ya zarce Mabera, garejin Elisha. Elisha mutumin Filato ne, ya shekara ashirin a Sakkwato, shi ake kai wa motocin da sauran makanikai ke tsoron taɓawa. Abin da ya fi jan Maigandi ma shi ne garejin yana da katanga da ƙyaure.

Elisha ya hau da motar kan rami, ya shiga da tocila. Maigandi ya zauna a benci, ya tashi, ya je bakin ƙyaure ya leƙa, ya dawo. Duk babur ɗin da ya wuce sai ya ga kamar ɗan unguwarsu ne.

"Baba Maigandi," in ji Elisha daga cikin rami, "oyil sil ne. Na baya, wanda ke tsakanin inji da giyabos."

"To, roba ta ke nan. Canza mata, ina jira."

Elisha ya fito yana dariya, yana goge hannu. "Robar ba ta fi faifai ba, amma kafin hannuna ya kai gare ta sai na sauke giyabos gaba ɗaya. Kuma babu irinta a garin nan, sai na aika Legas. Kwana huɗu in an yi sauri."

Motar da ko awa biyu ta yi a waje sai an tambaya, ina Maigandi zai kai kwana huɗu?

Elisha bai gama ba. Ya buɗe bonet, ya kwance murfin mai, ya juya shi ya kalla, dariyar ta ɗauke. Cikin murfin ya daskare baƙi ƙirin kamar kwalta. "Motar nan ba ta tsufa ba, sil ɗinta ba zai saki haka kawai ba. Wane mai ake zuba mata?"

"Mai kyau. Mai kauri."

"Mai kauri? Wa ya ce a sa mata?"

"Wanga da Abdulshakur ka aikowa daga Abuja ai ruwa na, Elisha. Na murza shi ga yatsa, ni da Na'Allah mai yi min sabis. Can inda anka ƙera ta ƙanƙara aka yi. Nan hwa? Zahin Sakkwato ya taɓa shi, sai inji shi ci kainai. Shi ya sa nika ce ma Na'Allah shi sa mata irin wanda muka sa ma Fijo."

Ba Maigandi kaɗai ke da wannan tunanin ba. Ka tara direbobin Sakkwato goma a inuwa ɗaya, tara za su rantse maka siririn mai na ƙasar sanyi ne, na goman kuwa bai iso ba ne kawai. Elisha ya zauna a gefen benci, ya yi masa bayani a hankali, yadda ake gaya wa mutum rashin lafiyar ɗansa. Hanyoyin mai na wannan injin sirara ne. Mai kaurin ya dahu a ciki ya zama dagwalo, ya toshe inda injin ke numfashi, iska ta rasa mafita, ta tura sil ɗin ta buɗe shi.

"Kana nuhin ni niy yi mata?"

"Da kyakkyawar niyya, Baba. Amma e."

"Gusau hwa? Asabar?"

"Tana iya kai ku ta dawo. Tana iya zubar da man duka kafin Talatar Mafara, injin ya kama. Ni dai ba zan sa iyalina a ciki ba."

Ranar Alhamis Maigandi ya leƙa Unguwar Rogo wurin Na'Allah, abokinsa tun suna karen mota. Na'Allah ko ƙarƙashin motar bai leƙa ba. Ya ce makanikai masu kwamfuta irin su Elisha haka suke, sai su mai da ƙurji ciwon ajali. Ya ɗauko wata kwalba mai abu kamar zuma, ya ce a juye wa motar guda biyu, a shafe bakin wurin da gam, har Kano za ta je ba ɗigo. Maigandi ya karɓi kwalaben ya jefa a but. Bai zuba ba, bai kuma mayar ba.

Daga nan zama ya gagare shi. Abincin da matarsa Mairo ta zuba masa ya yi loma biyu ya ture. Ya wanke motar sau biyu a wuni ɗaya, har mai gadin gidan ya tambaye shi ko baƙi za a yi. Da safiyar Juma'a ya buɗe but ya ɗauki kwalba ɗaya, ya kwance murfinta, ya tsaya a gaban bonet. In ya zuba suka je suka dawo lafiya, ya sayi mako guda, wataƙila biyu, kafin nan ya san dabarar da zai yi. In kuwa ta tsaya fa? Sai ya hango Alhaji, tsoho mai ciwon gwiwa wanda ko matakalar masallaci sai an riƙe shi, tsaye a gefen titi tsakanin daji da daji. Tsoro ya kama shi, da kunya, da haushin kansa. Ya mayar da murfin ya ɗaure.

Bayan la'asar ya sami Alhaji a falon waje a kan darduma, Abdulshakur na gefe yana latsa waya, ya zo daga Abuja don tafiyar. Maigandi ya so ya sami Alhaji shi kaɗai, amma ya san in ya juya yanzu ba zai sake samun ƙarfin dawowa ba. Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, motag ga ba ta zuwa Gusau gobe."

Alhaji ya ɗago. "Mi yas same ta?"

"Ni nis same ta."

Ya kwashe komai ya faɗa, tun daga ɗigon Litinin har yashin da ya rufe shi da shi. Bai ambaci Na'Allah ba sai a matsayin wanda aka ba umarni. Abdulshakur ya ajiye waya.

"Man da nake aikowa fa, Baba Maigandi? Ina yake?"

"Shina nan ɗakin janareta, galan shida. Ko murhi ban ɓalle ba."

"Ka ji ko, Baba? Ka ji abin da nake faɗa tun bara? Da bai yi magana ba, gobe a daji za mu..."

"Ya dai yi magana," in ji Alhaji. Ya ja carbinsa. Sannan ya yi ɗan murmushi. "Maigandi, in da ni kat tambaya, ni ma mai kauri za ni ce ka sa. Haka munka sani."

Zuciyar Maigandi ta fara sanyi. Bai kai ga sauke numfashi ba Alhaji ya miƙo tafin hannu. Ba faɗa, ba tsawa, hannu kawai. Maigandi ya laluba aljihu, ya ciro makullin ya ɗora masa. Alhaji ya miƙa wa ɗansa.

"A kai ta wurin Elisha. Gobe mu tahi da taka, Siddiƙu shi ja." Ya juyo. "Kai kuma ka sa manyan kaya, tare za mu. Albashinka na nan, wurinka na nan gidan ga har ƙarshen raina. Amma zamanin ya wuce mu, ni da kai duka."

Maigandi ya yi godiya. An rufa masa asiri, an kuma cire masa abin da ya sa yake tashi da safe, duk a numfashi ɗaya.

Da hantsin Asabar ya zo cikin farar shadda. Siddiƙu, saurayi mai ladabi, ya gaishe shi har da rusunawa, abin da ya ƙara masa ɗaci, don da ya yi masa rashin kunya da ya sami wanda zai ji haushi. Maigandi ya nufi kujerar gaba ta gefen direba, sai ya tarar Abdulshakur ya riga ya zauna.

"Zo nan," in ji Alhaji daga baya, yana buga kujerar da ke kusa da shi.

Bai taɓa zama a nan ba. Ya shiga ya takure a gefe, ya rasa inda zai ajiye hannuwansa, ya ɗora su a gwiwa, ya sauke, ya sake ɗorawa. Suka fita gari, suka wuce Shuni. Siddiƙu ya iya tuƙi, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Alhaji ya ɗauko hirar mutanen da, wane ya rasu, wane ya kwanta, Maigandi na amsawa da "Allah sarki", idonsa na kan titi ta tsakanin kujeru biyu.

Gab da Dange wata mota mai lodin albasa ta ɓullo daga kwana ba sigina. Siddiƙu ya gan ta tun da nisa, ya rage gudu ya kauce ba tare da kowa ya girgiza ba. Amma ƙafar Maigandi ta dama ta riga ta daki ƙasan motar da ƙarfi, har aka ji ƙarar takalminsa. Babu birki a wurin, shimfiɗa ce kawai mai laushi.

Abdulshakur ya waigo zai yi magana. Alhaji ya ɗaga masa yatsa ɗaya, ya juya fuskarsa wajen taga, ya ce ga alama bana damina za ta sauka da wuri. Maigandi ya ce ƙwarai kuwa. Ya janye ƙafar a hankali, ya cusa ta ƙarƙashin rigarsa.