Ƙarfen Jan Azurfa na Bahago

Shekara huɗu bayan samun mulkin kai, Seydou mai tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo wa Bahago maƙerin azurfa wani guntun ƙarfe. A sansanin turawa masu haƙon duwatsu ya tsince shi, arewa da Agadez. Faɗinsa kamar tafin hannu, launin toka, da ƙananan huji shida a jikinsa. Seydou ya ce wani bature ya gaya masa haɗin nikel ne da molibden. Bahago ya maimaita sunayen har ya haddace.

Ya sa magagari, magagari ya zame. Ya goga shi a dutse, dutsen ne ya ci.

Maƙeran azurfa suna jan azurfa ta cikin huji don ta zama zare. Ƙarfen da suka saba da shi, wata biyar hujin ya buɗe, zare ya riƙa fitowa da kauri. Wannan kuwa shekara uku Bahago yana ja, hujin na nan yadda ya zo. Mata suka gane zarensa. Har daga Ingall ake aiko masa da aiki.

Maƙerar ta gado ce, shi da yayansa Nomau. Wata Laraba Bahago ya tafi jana'iza. Nomau yana son zare siriri ƙwarai, wanda ya fi ƙaramin hujin sirantaka. Sai ya yi abin da ubansu ya koya musu: in ana son huji ya tsuke, a sa ƙarfen a wuta ya yi ja, a ɗora kan uwar maƙera, a bubbuga gefen hujin.

Bugu na biyu ƙarfen ya tarwatse.

Da Bahago ya dawo, ya tarar da gutsattsarin a cikin ƙwarya, an rufe da faifai.

"Yaya, wa ya taɓa min ƙarfe?"

"Ni ne. Tsuke shi na so in yi."

"Tsuke shi! Ya ce maka yana ciwo ne?"

"Haka baba yake yi."

"Baba ya taɓa ganin irinsa? Shekara uku kana zaune nan, ka ga ya buɗe ko da kaurin gashi? Abin da magagari ya kasa, kai ka ce guduma za ta lallashe shi?"

"Kai, Bahago, rage murya. Ni na goya ka."

"Da ka goya ni, guduma ka sa min?"

Nomau ya ture zugazugi da ƙafa. "Ƙarfen da ba ya jin wuta ba ƙarfe ba ne. Kasko ne. Shekara arba'in ina ƙira, ban taɓa ganin ƙarfen kirki ya fashe kamar tulu ba."

Bahago ya ɗauki gutsure ɗaya, ya fita rana, ya ɗora gilashin wani tsohon tabarau a kan wurin da ya karye. Ciki ba zare-zare ba ne irin na baƙin ƙarfe. Ƙwayoyi ne ƙanana masu ƙyalli, a cushe, kamar an ɓare kantun gishiri. Ya ga babu inda za su matsa in an buge su. Abin da ya hana shi cinyewa, shi ya hana shi lanƙwasa. Ganin haka ya ƙara masa haushi, don ba wanda zai nuna wa sai wanda ya fasa.

Ya zazzage ƙwaryar a kan buzu. Huji biyar sun tafi. Ɗaya ya tsira, matsakaici, a gutsure kamar ƙwallon dabino.

Ya ɗaure shi da igiyar fata, ya rataya a wuya.

"Laya ka samu?" in ji Nomau.

"I, ta tsari daga gare ka."

Washegari Bahago ya ja uwar maƙerarsa zuwa ɗaya kusurwar rumfar, ya juya wa yayansa baya. Wata mata da ta zo daga Ingall neman zare siriri, ya ce mata kauri ɗaya ya rage masa, in tana son wani ta tambayi mai guduma.