Telan Da Ya Yaga Rigarsa

Duka na uku ne ya ɓalle sakatar ƙofar. Nunziya na tsaye da ludayi a hannu sa'ad da Remo ya faɗo ɗakin, da wasu 'yan baƙar riga biyu a bayansa, irin samarin nan da ke yi wa Jamusawa farautar Yahudawa a birnin Rum. Yaron da ta sha goge wa majina a layin nan ne, yau ga shi da bindiga.

"Inna Nunziya, an ce kin yi baƙo."

"Kawuna ne daga ƙauye. Kurma ne, ka ƙyale shi."

Tsohon yana zaune ƙarƙashin hoton Fafaroma da ke bango, yana jan carbi. Sabatino ke nan, tela Bayahude, maƙwabcinta na hawan ƙasa. Tun safiyar da motocin soja suka kwashe mutanensa take ɓoye da shi. Ta aske masa gemu, ta koya masa addu'ar Maryamu har ya fi mijinta Ottabiyo iyawa, ko da yake wannan ba abin yabo ba ne, don Ottabiyo da coci sai ranar biki. Remo ya leƙa fuskar tsohon, bai gane shi ba. Ya ja kujera, ya tsoma burodi a miyarta kamar gidan ubansa.

"Yau mun sha gudu," ya ce da abokansa, baki cike. "Kun tuna Kostanza, 'yar telan nan? A gidan wanki muka zaƙulo ta. Wai ta diro daga mota da jariri a hannu. A bakin gada aka harbe ta, ita da ɗan."

Nunziya ta ajiye ludayin. Ta kafa wa tsohon ido tana roƙonsa a zuci ya daure. Carbin ya tsaya. Sabatino ya miƙe a hankali, ya kama wuyan kwat ɗinsa da hannu biyu, ya keta shi har ƙirji, kamar yadda Yahudawa ke yi in an yi musu rasuwa. Mutumin da bai taɓa barin zare ya yi lilo a rigar kowa ba.

"Ashe kurman yana ji!" in ji Remo.

Gindin bindiga ya sauka a bakin tsohon. Suka ja shi da ƙafa zuwa matakala, kansa na bugun kowane tudu, suna bin sa da takalmi. Nunziya ta riƙe hannun Remo.

"Ka ji tsoron Allah! Fafaroma ba zai yarda da wannan ba!"

"Me ya ce? Kin ji da kunnenki?" Ya hankaɗe ta ta bugu da bango. "Ran da ya yi magana ki aiko a kira ni."

Ba su ma kai shi mota ba. A bakin ƙofar gidan ya cika, suka bar shi nan kan duwatsun titi. Tagogin maƙwabta suka riƙa rufuwa ɗaya bayan ɗaya.

Da Ottabiyo ya dawo daga kasuwa ya tarar da ita tana wanke matakala, leɓenta a fashe. Ya shige ya ciro hoton Fafaroma daga bango.

"Mayar da shi," ta ce.

"A ƙarƙashin tagarsa aka wuce da Yahudawan, Nunziya. Kalma ɗaya ta gagare shi."

"In ya yi magana Jamusawa su ƙone kowa fa? Gidajen sistocin coci cike suke da mutanen da aka ɓoye, wa kake tsammani ya ce a buɗe?"

"Ke kika sani. Sauka ki faɗa wa Sabatino."

Ta fashe da kuka, ta ji ta tsani mijin nata.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofar da ta karye. Wata sista ce tsohuwa, tana haki, da kwandon kabeji a hannu. Ta ɗaga ganyen, ga baƙar rigar fada, irin ta limaman coci, a ninke.

"An samar wa tsohon gado a wurinmu," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ya sa wannan mu tafi. Ina yake?"

Ruwan wankin yana gangarowa daga matakala, ja-ja, yana zagaye takalman sistar.