Gindin Jirgin Dodo

Ban so aikin nan ba tun farko. Ni kafinta ne, ƙofa da akwatin amare na sani, kuma a shekarar bayana ya fara ba ni labari. Amma Baba Dodo ya zo ya zauna a rumfata ya ƙi tashi, kuma tsohon da ya goya ka a wuya ya ƙetare da kai gulbi kana yaro ba ka ce masa a'a.

Shi ne mai fito a mashigin da ke ƙasa da Maraɗi, inda mutanen ƙauyukan Tsibiri ke bi da damina in za su kasuwa. Ubansa ya riƙe mashigin, kakansa ma haka. Jirgin na katako ne, wani Bature ɗan kasuwa ya bar wa uban, an lulluɓe allon gindinsa da kwano. Yanzu ya fara shan ruwa, gyaransa Baba yake so in yi. A waccan shekara kumandan, Baturen mulki, ya aiko gardi, ɗan sandansa, ya ce in ruwa ya zo jirgin bai shiga ba, a ba Tanimu mashigin, wani mutumin gari da ya sayo sabon kwale-kwale.

Na sami jirgin Baba kife a ƙarƙashin gawo. Kwanon lafiya lau, har yana ƙyalli. Na ƙwanƙwasa, sai na ji kamar na bugi kabewar da ta kwana biyu. Da na zare ƙusoshi na ɗaga kwanon, wani tsami ya doke ni har na ja da baya. Katakon ya zama baƙar dusa, yatsa na shiga har gindinsa.

"Baba, wanga ba ruwan gulbi ba ne. Mi kake zuba mai?"

"Abincinsu," in ji shi, ko kunya babu. "Gumba da nono. Ta nan baki, tsakanin kwano da icce. Kowace Juma'a in ruwa ya zo. Haka tsohona shi ka yi."

Baba Dodo bai bar tsafin gidansu ba, kowa ya sani. Masu gulbi yake ciyarwa don su bar mutane su wuce. Abin da ban sani ba shi ne cikin jirgin yake ɗura musu, shekara da shekaru, a inda iska ba ta shiga balle rana. Raina ya ɓaci, na faɗa masa magana mai zafi, cewa da hannunsa ya kashe jirgin ubansa. Ya hau sosa ƙafa.

Aikin ya ci ni. Sai da na kankare ruɓaɓɓen duka da gizago, na bi gefe da gefe har na tarar da katako mai rai, kuma ya yi nisa fiye da yadda na zata. Na nemo ƙirya busasshiya, ita ce ba ta jin ruwa, ita ce kuma ba ta jin zarto. Na sassaƙa, na gwada, na cire, na sake sassaƙa. Hadari na haɗuwa kullum ta gabas, ni kuma kullum na koma gida ba na iya sunkuyawa in yi alwala sai na dafa bango. Ranar da na narka kwalta wani mai jaki ya ce ruwa ya iso Jiratawa. Na shafe allon ciki da waje, na mayar da kwanon, na ninke bakinsa na bi shi da ƙusa kusa da kusa yadda ko allura ba za ta shiga ba.

"Baba, in kana son mashiginka, kar ka ƙara zuba komi a nan. Zuba a gulbi mana, ai can suke."

"Gulbi kwashewa shi ka yi," ya ce. Amma ya yi mini alkawari. Ina jin gajiya ce ta sa, ba yarda ba.

Ruwa ya zo, ranar kasuwa ta zagayo, na sauka in ga aikina. Jirgin na zaune a kan ruwa cas, babu ɗigo ko ɗaya a ciki. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai dai babu kowa a cikinsa sai mai shi. Mutane na tsaye a bakin gaɓa da kayansu, suna kallon kwale-kwalen Tanimu da ke ɗaure can gefe, gardi kuma na zaune a inuwa yana kallonsu.

Labari ya riga ya zaga cewa bana Dodo bai ciyar ba. Kuma kada ka ce arna ne kawai suka toge. Har da limamin unguwarmu, yana ta gyara rawani kamar wani abu ya manta a gida. Wata mai nono, Zuliha, ita ta faɗa a fili.

"Baba, mu ba mu shiga da 'ya'yanmu cikin jirgi mai yunwa."

Gardi ya miƙe ya karkaɗe wandonsa, alamar zai je ya shaida wa kumandan babu mai shiga. Baba Dodo ya dube ni. Bai roƙe ni ba, da ma ya roƙa da na samu abin yin faɗa. Ya karɓi ƙwarya a hannun Zuliha, ya zaro wuƙa daga damtsensa, ya fara laluben bakin kwanon.

Na shiga ruwan har gwiwa na karɓe wuƙar.

"Ba nan ba, Baba, za ka tsaga allon."

Na zare ƙusa biyu, na ɗaga masa kwanon daidai faɗin yatsa. Ya zuba, ina jin nonon na gangarawa a kan ƙiryata. Tun bai gama ba mutane suka fara turereniyar shiga, liman a gaba.

"Damina nawa za shi kai?" ya tambaye ni a hankali.

"Huɗu. Ko biyar, in Allah ya so."

Ya ɗauki gorarsa ta tuƙi ya kafa a ƙasan ruwa.

"Ya ishe ni," in ji shi. "Ni ma ban kai hakan."