Hujin Salansa

Duk wanda ya ce gyara ba ya ɓata abu, bai taɓa riƙe tsohuwar jif mai shan dizal ba. Tun ranar da 'yata Ilinca ta tambaye ni ko Kawu Traian mai gareji yana walda ran Asabar, gabana ya faɗi.

Motar ta girmi Ilinca. Salansarta ta huje tun ina da gashi a kai, kik ɗin tayar da ita kuwa sai ya ga dama. Shi ya sa a gidanmu ba a kashe ta sai a kan gangara, inda za ta gangara ta tashi da kanta. In ka tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, sai ka bar ta tana silo, wato injin yana aiki a hankali tana tsaye.

Da gwiwata ta matsa mini, Ilinca ta karɓi aikin sauko da cuku daga wajen makiyaya. A hanyar akwai wata kwana a bakin rami, wadda ko ni sai da addu'a nake shanta. To amma ƙarar motar tana cika kwarinmu. Ina zaune a baranda ina bin ta da kunne: ga ta ta sa giya ɗaya, ga ta a kwanar, ga ta ta wuce. Sai in saki numfashi.

Sai dai kunne ba ya zaɓe. Nakan ji ta tsaya a ƙasan coci, injin yana ta dum-dum-dum. Ba kowa a wurin sai Octav mai kiwon zuma.

Muna cin tuwon masara da cuku na ce, "Zuma ta yi tsada ne, Ilinca? Na ji an daɗe ana ciniki."

"Baba, kai ba ka da aiki sai saurare?"

Matata Saveta ta ce, "Gavrila, ci abincinka. Kai da ka yi ta ciniki a ƙofar gidanmu har dokinka ya yi barci a tsaye?"

Ran Asabar aka kai motar gareji. Daga baya Traian ya rantse mini ya gargaɗe ta: "'Yata, injin nan ta hujin yake numfashi, kuma a kan haka na saita silonsa. In na toshe, hayaƙi zai koma bi ta tsohuwar salansa da ta cika da baƙi. Silo zai sauka, tana iya mutu miki." Ta ce, "Kawu, kai dai liƙe."

Ran Litinin na zauna a baranda. Shiru. Na ji ƙararrawar tumaki, na ji karen maƙwabta, ban ji mota ba. Rana ta yi sama. Ba abin da nake gani a raina sai ramin nan. Na ɗauki sanda na kama hanya, Saveta tana kira, "Gwiwar fa?"

Ban kai kwanar ba. A ƙasan coci na tarar da motar, a wurin da ya fi faranti shimfiɗa, a mace. Ilinca a kan sitiyari, Octav a baya yana turi da hular ragarsa ta kiwon zuma a kai, tsofaffin unguwa sun jeru a katanga.

"Gavrila," in ji ɗaya daga cikinsu, "ga surukinka yana gwajin ƙarfi!"

Octav ya cire hula. "Barka da rana, Baba."

"Wa ya haife ka a gidana? Matsa, ba nan ake sa kafaɗa ba."

Muka tura tare har bakin gangara. Yaron yana da ƙarfi, wannan kam ba zan hana shi ba. Motar ta yi tari ta tashi. Ilinca ta leƙo ta ga fuskata, dariyar da ta fara ta tsaya.

"Baba, da ƙafa ka sauko?"

"Ban ji ki ba," na ce.

Traian ya wanke salansar, ya ɗaga silo. Motar ta koma tana raɗa kamar amarya. Ni kuwa na koma safa da marwa a tsakar gida, abinci ba ya shiga.

Sai wata safiya daga can saman dutse na ji ta: dum-dum-dum, giya ɗaya, kwana, ta wuce. Ta kuma tsaya a ƙasan coci, ta daɗe. Na zuba wa kaina tuwo.

Da yamma na leƙa ƙarƙashin motar. Ga huji sabo a bututun salansar, zagayayye, tsaf kamar an auna. Saveta ta ce tsatsa ce, alhali tsatsa ba ta iya zagaye. Ilinca ta ce ita me ta sani game da ƙarfe. Octav yana da abin huda katako, amma da na tambaye shi sai ya ba ni kwalbar zuma. Mutanen gari kuma duk sun ce ni ne, ni da ba na iya durƙusawa sai an ɗaga ni.

Har yau ban san wanda ya huda salansar nan ba.