Sunana a Bakin Mai Shela

Ranar da aka ce tarin fuka ne da ni, Malama Rauda ta asibitinmu na garin Babban Mutum ta buɗe waya ta shiga yi min tambayoyi. Suna, unguwa, sunan miji, lambar waya, har sana'a. Na ce fura nake sayarwa a tasha, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ta ce, "Kada ki damu, Yaya Lami, don mu neme ki ne in kin daina zuwa karɓar magani. Daga ni sai ofis."

Wata huɗu ban yi fashi ba, tari ya tsaya, na ma fara ƙiba. Sai ƙanwata ta haihu a Sandamu, na je na yi mata kwana tara, wayata kuma ta faɗa randa. Iyakar laifina ke nan.

Da 'yan asibiti suka kira ba su same ni ba, sai suka miƙa wa mai unguwa takardar waɗanda suka yi fashi, wai ya nemo mu. Shi kuwa bai san wata hanyar neman mutum ba sai wadda ya gada: ya ba mai shela. Ranar kasuwa, da lasifika. Ina saukowa daga mota na ji ana jan sunana kamar cigiyar akuya: "Lami mai fura ta tasha, masu tarin fuka su je su karɓi magani."

Washegari na dama fura na zauna tun hantsi har la'asar. Direbobin da suka girma a kan furata suka riƙa gaishe ni daga nesa. Kwana uku ina zuba wa awaki.

Na tafi asibiti raina a ɓace, ko gaisuwa ban tsaya yi ba. Rauda ta ce, "Ki yi haƙuri, Yaya. Amma cikin mutum bakwai da aka kira, biyar sun dawo. Ɗaya a amalanke aka kawo shi, da an ƙara mako sai gawarsa."

Na ce, "Ban ce ƙarya kike ba, Allah ya ba shi lafiya. Amma kin rubuta unguwata, kin rubuta sunan mijina. Miya za ki yi da su? Gidanmu ya ɓata ne da ba za a aiko ba?"

Ta ce ai ni yanzu ba na shafa wa kowa cutar, magani ya kashe ƙarfinta tuntuni.

"To ki zo tasha ki sha furata a gaban jama'a."

Ta yi alkawari, kuma ta zo, da fararen kayanta. Duk tasha ta zuba ido. Na wanke ludayi sau biyu, na dama mata da nono mai kyau, na miƙa mata ƙwarya. Ta duba ƙwaryar, ta duba mutane, ta gyara takunkumin da ke bakinta, ta ce in ƙulla mata a leda, sai ta je gida za ta sha.