Rabin Gonar da Ba a Fesa Ba

Idan mutum yana riƙe da magani, ya tsaya yana kallon cuta tana cin abincin mutane don ya gano wani abu, me za a kira shi? Na daɗe ina juya wannan tambaya a shagona na gyaran injin ban-ruwa, har yau ban samu amsar da ta zauna mini ba. Ita kuwa Shagufta, 'yar yayana Sarfaraz, ba ta taɓa ɗaukarta tambaya ba.

Tana shekarar ƙarshe a babbar jami'ar gwamnati da ke Faisalabad, tana karatun ilimin tsirrai. A sashensu sun haɗa wani maganin feshi na tsatsar alkama, cutar nan da ke rufe ganye da jan gari har zangarniya ta fito ba ƙwaya. Aikinta na kammalawa shi ne ta gwada shi a gonar ƙauye: ta fesa wa rabi, ta bar rabi haka nan, a kwatanta. In ba ta kai sakamako a wannan kakar ba, sai ta jira baɗi, 'yan ajinsu su fita su bar ta.

Mahaifinta ta fara tambaya ko zai ba ta gonarsa. Muna zaune a kan gadon igiya a tsakar gida muna shan shayi, ya saurare ta har ta gama.

"Wato in yi wa wannan magani, in ce wa wancan ya mutu?"

"Abba, in ba a bar wani ba, ta yaya za a san maganin ne ya yi aiki, ba sa'a ba?"

"Na tura ki birni ki koyo yadda ake rayar da shuka. Kashewa kam ai ko akuya ta iya."

Ta yi dariya, ta ce akuya ba ta auna abin da ta kashe. Shi bai yi dariya ba. Ya ce muddin yana da rai, ba za a ga alkamarsa tana ciwo da magani a ɗakinsa ba.

Sai na ba ta 'yar gonata ta gado da ke bakin magudanar ruwa. Ban yarda da ita gaba ɗaya ba, amma ban yarda da shi ba ma. Ta kafa turaku a tsakiya, ta ɗaura musu jan ƙyalle, ta fesa wa ɓangaren gabas. Da tsatsa ta fara fitowa a yamma, sai ta riƙa zuwa daga jami'a duk ƙarshen mako tana juya ganye ɗaya bayan ɗaya, fuskarta a sake. "Baffa, dubi yadda ta tsaya a kan turakun kamar an ce mata kul."

Abin da ni da ita muka manta shi ne al'adar garinmu. A wurinmu, in ka ga gonar maƙwabcinka tana lalacewa, ba ka tambayarsa dalili, don tambayar tozarci ce. Sai ka je da sassafe ka gyara masa, ka kama bakinka. Shi ma ba ya godiya, don godiyar ta tona abin da aka rufe. Ni kuma kowa ya san ba manomin kirki ba ne. Duk wanda ya ga rabin gonata a fese, zai ce magani ne ya ƙare mini.

Wata rana ta zo ta tarar da ɓangaren yamma yana warin maganin kasuwa, ga sawun takalmin roba ya nufi gidan Karamdin, dattijon da muke iyaka da shi. Ta same shi yana ba ɓaunar da yake kiwo ciyawa.

"Baba Karamdin, wa ya fesa gonar Baffa?"

"Wace gona, 'yata? An fesa ne? Allah ya saka wa wanda ya yi."

Ya faɗi haka yana ta ƙoƙarin ɓoye murmushi. Ta tsaya tana kallonsa. Ba halin ta yi masa faɗa a kan alheri, ba kuma halin ta gode. Ta ce amin, ta fito.

Ban ga ta yi kuka ba. Ta kira malaminta a waya, ta yi masa bayani, ya ce duk gonar da aka shuka iri ɗaya a lokaci ɗaya za ta yi, in dai ba a taɓa fesa mata komai ba. A duk garin, gona ɗaya ce ta rage haka: ta mahaifinta, don injin feshinsa yana shagona yana jiran gyara.

Ta faɗa masa ba tare da roƙo ba. Ta ƙara da cewa ko ya yarda ma ba zai wadatar ba, domin gobe wani mai alherin zai lallaɓo ya fesa. Sai dai shi da bakinsa ya gaya wa jama'a cewa da gangan ya bari.

Wannan ya fi na farkon nauyi. Sarfaraz mutum ne da ake kwatance da gonarsa.

"Za su ce na haukace."

"Za su ce. Baɗi kuma su zo su tambaye ka sunan maganin."

"In bai yi ba fa?"

"Sai mu san bai yi ba, kada kowa ya yi asara a kansa."

Sai ya zo shagona ya tsaya a kaina har na gama gyaran, ya saɓa injinsa ya tafi.

Bayan sallar Juma'a ya tsaya a ƙofar masallaci, ya ce duk wanda ya ga ciwo a yammacin gonarsa ya bar masa kayansa, aikin 'yarsa ne. Karamdin ya sunkuyar da kai yana neman takalminsa.

Da la'asar Shagufta ta kafa turaku a tsakiyar gonarsa, Sarfaraz ya cika injin da maganinta, ya faro daga gabas yana tafiya a hankali. Da ya iso kan turakun, ya dubi ganyen da ke gabansa, jan garin ya fara hawa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya rufe bakin injin, ya juya.