Turken Gonar Fintan

…kuma wai ni ne turken. Ni, Malachy Doyle, tsaye a ƙarshen gonar Fintan Kehoe cikin rigar ruwa mai ruwan ɗorawa, yayyafi na bin wuyana. Sau goma sha tara ina zuwa na biyu a gasar huɗa ta yankinmu na Carlow — sha tara! — kullum a bayan wannan tsohon. Yau ga ni ina tsaya masa yana gwajin huɗa.

Matarsa Dympna ce ta ja min. Ran Lahadi a ƙofar coci ta riƙe min hannun riga: "Malachy, idonsa ya tafi, ba ya hangen sandar saiti. Kai dogo ne, tsaya masa can ya nufo ka. Kada dai ka tanka, in ya san kai ne zuciya za ta kashe shi." Na ce to. Me ya kai ni cewa to?

Asabar ce gasar. Saura kwana uku. Da na yi zamana a gida… kofin gasar nan da bai taɓa kwana ɗakina ba…

Ga shi can ya taso. Dubi goɗiyoyin nan, Moll da Jess, kai ɗaya, ƙafa ɗaya. Ko murya ba ya ɗagawa, ɗan fito kawai. Bakin garma ya nutse, ƙasa na kifewa, baƙa wuluk, tana sheƙi kamar ana yankan man shanu — ko tsinken ciyawa bai leƙo ba.

Shekarar da aka sha ruwan nan a gasar garin Tullow, taɓo har ƙwauri, layin kowa kamar sawun maciji… alƙalin gasa ya durƙusa a bakin na Fintan, ya kanne ido ɗaya, ya miƙe ya cire hula. Saboda huɗa fa! Babana kuwa, a hanyar gida: "Ɗana, kai noma kake. Shi rubutu yake." Ranar ban ci abinci ba.

Na tsane shi? Na dai gwada. Wa ya ɗaure min ƙarfen garmata da ya karye ana gab da farawa? Shi. Sannan ya doke ni da maki biyu yana dariya: "Na biyu ma ai lamba ce, dogo."

Taku ɗaya. In na ɗan gusa hagu taku ɗaya, wa zai sani? Layin ya karkace, hannunsa ya saba da karkatar, ran Asabar kuma — a'a. Ƙafa, zauna inda kike.

Yana matsowa. Bayan ya ranƙwafa. Hannun nan rawa yake in ya ɗauki shayi, da idona na gani — amma a kan mariƙin garma? Ko gezau. Kamar an ja zare daga katangar duwatsu zuwa cibiyata. Hucin dawaki a fuskata. Sun tsaya.

Ya ɗago kai. Gefen kafaɗata yake duba, inda babu kowa.

"Wane ne a nan? Dympna, ke ce?"

Taku biyu tsakaninmu, da wannan uwar riga, bai gan ni ba. To me yake bi tun daga can? Ƙasar ce ke gaya masa? Dawakin? Shekara hamsin da ke tafin hannunsa?

Ya kamata in amsa. Ruwa na ƙaruwa, ni kuma sai leƙen layin nake ta bayansa, ina neman inda ya kauce, ko kaɗan ne, ko faɗin yatsa…

Babu. Ya Ubangiji, babu.